Sisin Gwal Bakwai a Warshar Ammu Salim

Ranar Juma'ar da ta wuce, nan majalisarmu ta unguwar Al-Naseem a Riyadh, da kunnena na ji ɗayanku yana cewa sana'armu ta mutu. Wai yanzu mai son zinariya banki kawai zai shiga, ya ciri lamba, ya zauna cikin sanyi, a kira shi a miƙo masa sisin gwal cikin leda da takardarsa, shi ke nan. Wai me ya rage wa maƙeri in ba ya rataya abin a zare ba. Ban tanka ba, don ana cin abinci. Yau an wanke hannu, sai ku gyara zama.

Ku da Baba Haruna mai azurfa kuka san ni, amma kafin azurfa na yi shekara ashirin da ɗoriya a kan zinariya. Ni ɗan Damagaram ne, gidanmu gidan maƙeran fari ne, masu mundaye da zobba da 'yan kunne. Ubana gada ya yi, ni ma gada na yi. Tun ban iya ɗaura wando ba nake jan zugazugi. Da na sauka Riyadh ina ɗan shekara talatin, gani nake babu mahalukin da zai ƙara mini wani abu a ƙira.

Aikin farko da aka gwada ni da shi, wani tsohon riyal ne na azurfa wanda rubutunsa duk ya shafe. Mai warshar, Ammu Salim, tsoho ne mutumin Yaman, siriri, mai rowar magana. Warsha ita ce maƙera a bakin mutanen nan. Tamu tana bene, saman shagunan zinariya na tsohon gari, ɗaki ɗaya mai teburi uku da taga guda. Ammu Salim ya ajiye mini riyal ɗin ya ce in yi masa abin ratayawa. Na yi yadda muke yi a gida, na ɗauko ɗan kunne na liƙa masa kai tsaye da wuta, nan da nan na miƙa ina jiran yabo. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya ce, "Ya Haruna, hannunka ya san ƙarfe. Amma da wannan na mutane ne, da yau a hannun 'yan sanda za ka yi sallar la'asar." Shekara guda cur bai bar ni na taɓa zinariya ba. Waya nake ja, ina goge azurfa, ina kallo.

Ga abin da na kalla. Sisin gwal, wanda Larabawa ke kira junaihi, ba a huda shi, ba a liƙa masa komai, wuta ba ta kusantarsa. Gida ake gina masa, wato ƙawanya. Za ka auna faɗinsa da kaurinsa, ka ja zinariya siririya kamar ganyen albasa, ka yi mata kwari a ciki daidai bakin sisin, ka lanƙwasa, ka liƙe ta ita kaɗai, ka dasa mata kunne, ka goge ta tas. Sai ta huce sannan sisin zai shiga. Daga nan sai aikin da ke raba maƙeri da maƙeri: kwantar da leɓen ƙawanyar a kan bakin sisin da ɗan ƙarfe mai santsi, zagaye guda, ba tare da ka taɓa fuskarsa ba. Na kasuwa yana da ɗan haɗi, yana da haƙuri. Na banki kuwa zalla ne, taushi gare shi, farce ma yana yi masa tabo. Hannunka ya zame sau ɗaya, ka rage wa mutum darajar abin da ya yi shekaru yana tarawa. Kayan aikin ba su da yawa: magagari iri uku, hantsaki, ƙaramar uwar maƙera, bututun wuta, ma'auni, abin auna kauri, da madubin ido wanda ake maƙalawa a kwarmin ido. Duk za su shiga jaka ɗaya. Iya riƙe su ne ba ya shiga jaka.

Ammu Salim yana da doka guda wadda ba ya ɗaga wa kowa: kafin ka karɓi sisin mutum, a gabansa za ka duba bakin ledar, ka haɗa lambar da ke jikinta da ta takardar banki, ka buɗe, ka ɗora a ma'auni, ka auna kauri. Sannan ka sa hannu a takardar karɓa. Yakan ce, "Daga lokacin da ka sa hannu, duk abin da ke cikin ƙarfen nan naka ne, alheri ko sharri."

Zuwana banki na farko rakiya na yi wa wani likita ɗan Kano da ba ya jin Larabci sosai. A nan na gane ba shiga da fita ba ne kamar yadda kuke faɗa. Ba kowane reshe ke ajiye zinariya ba, mun zaga uku kafin mu dace. Sai kana da asusu a wurinsu, sai igamarka, wato takardar izinin zama a ƙasar, tana da rai. Farashi yana kan allo yana motsi kamar kifi. Wanda ka gani lokacin da ka ciri lamba ba shi za ka tarar ba lokacin da aka kira ka. Kuɗin saye daban, kuɗin da za su karɓa in ka dawo da shi daban. Sannan ma'aikacin ya gaya masa abin da mutanenmu ba sa ji sai sun riga sun yi ɓarna: in ka yage ledar nan, ba lalle su sake saye daga hannunka ba, sai dai ka nufi kasuwa. Likita ya dube ni ya ce, "Malam Haruna, to in ban buɗe ba ta yaya uwargida za ta sa?" Na ce masa sai ya zaɓa, ko ajiya ko ado. Haka nake gaya wa kowa shekara da shekaru, kuma ba wanda ya taɓa kuka da ni.

To, sai Lawali.

Lawali mutumin Maraɗi ne, magini, ɗan magini. Aikin laka ya kawo shi, yana cikin masu gyaran tsofaffin ganuwoyin Dir'iyya. Ya faɗo daga kan katako, bayansa ya taɓu, ɗaukar bulo ya gagare shi. A masallaci muka saba. Mutum ne mai shekara talatin da biyar a lokacin, da mata da 'ya'ya uku a gida, yana tafiya a karkace. Ni na kama hannunsa na hau da shi bene, na ce wa Ammu Salim ga mai shara. Kada ku raina shara a warsha. Ƙurar wurin ba a zubar da ita, tarawa ake yi a buhu a ƙone a ƙarshen shekara a fitar da zinariyar da ke ciki, don haka ba a ba kowa tsintsiya sai amintacce. Ni na tsaya masa har aka mayar da igamarsa hannun Ammu Salim. Ku riƙe wannan: ni na kai shi.

Da rana in an rufe don hutun azahar, sai ya zauna a teburin da ba kowa, ya ɗauki guntayen jan ƙarfe yana kwaikwayon abin da ya ga ina yi. Yakan ce, "Yaya, duba mini." Nakan duba in gyara masa riƙon magagari. Me zai dame ni? Shigege ne, ba gado ba. A garinmu magini ko zugazugi ba a ba shi ya ja.

Wata rana, a shekararsa ta biyu, Ammu Salim ya tsinci wata ƙawanyar jan ƙarfe a gefen teburina, an sa mata kwabo a ciki. Ya maƙala madubi, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ya Haruna, ma sha Allah. Yaushe ka fara kwantar da leɓe siriri haka?"

Shekara goma sha uku ina gabansa, ranar ce ya fara ce mini ma sha Allah.

Na ce, "Ba nawa ba ne."

Ya ɗaga kai. Lawali yana tsaye da tsintsiya a hannu, ya ce, "Wasa nake yi, Ammu." Aka tambaye shi yadda ya yi, sai ya juyo gare ni yana murmushi, ya ce, "Ai yaɓe ne, Yaya. Kamar shafa laka a bakin taga. Ba a dannawa, bin ta ake yi."

Yaɓe. Sana'ar kakannina, wai yaɓe. Kashegari aka ba shi teburi na uku.

Ban ce ya fi ni ba. Ƙawanyata tana da ƙarfi, za a sa ta shekara talatin ba ta saki sisi ba. Tasa kuwa sai ka ɗauka sisin a iska yake rataye, ba a ganin inda aka liƙe. Mata suna son irin wannan. Tun ana hawowa bene ana cewa "ina Malam Haruna", har aka koma "ina ɗan Maraɗin nan". Matan ma'aikatan ofishin jakadanci, malaman jinya, matan 'yan kasuwa, mutanen da na yi wa aiki tun 'ya'yansu suna goye, sai su gaishe ni da kyau, su tambayi iyali, su wuce teburinsa. Shi ya koma yi musu rakiya banki. Kuma ya zo da wata dabara: yakan ce maimakon babba ɗaya su sayi ƙanana biyu, ɗaya a bar shi a leda don ajiya, ɗaya a buɗe don ado. Abin da kowa zai iya tunaninsa ne. Ni dai ban yi ba, shi ya yi, har aka riƙa cewa shawarar Lawali.

Shekarar annoba ita ce mummunar shekararmu. Aka rufe kasuwa wata da watanni. Da aka buɗe, zinariya ta yi tashin gwauron zabo, biki babu, taro babu. Masu saye a banki suna saye fiye da da, amma ba mai yage leda; kowa ya kai akwati ya kulle. Sai mu wuni uku ba a hawo benen nan ba. Ran nan Ammu Salim ya rufe ƙofa ya ce mu zauna. Ya ce, "Warsha ba za ta iya ɗaukar igama biyu ba bana. In lokacin sabuntawa ya zo, ɗaya zan riƙe. Ban yanke ba tukuna." Saura wata biyu. Lawali ya ce, "Ammu, ai Yaya ne babba." Ammu Salim ya tashi ya buɗe ƙofa. Ni kuwa na san teburin da ɗan aikin da ya rage yake zuwa.

Cikin wannan hali, wata Asabar da hantsi, Hajiya Rabi ta hawo. Matar wani ma'aikacin ofishin jakadancin Najeriya ce, suna zaune a unguwar Al-Badi'a. Ni na yi mata 'yan kunnenta na farko a garin nan. Ta ce, "Malam Haruna, ina kwana, ya jiki da ƙarfi?" Ta wuce teburin Lawali ta zazzage sisin gwal bakwai, kowanne cikin ledarsa. Sarƙa take so irin wadda mahaifiyarta ta taɓa mallaka, bakwai a jere. Aiki mafi girma da muka gani tun buɗe kasuwa. Ammu Salim ba ya nan, ya tafi asibiti ganin likitan ido.

Tana sauri, direba na jira a ƙasa inda ba a tsayawa. Ta ɗaga takardar banki a ninke ta ce, "Ga shaida nan, duk na banki ne." Lawali ya ɗora su a ma'auni, nauyi ya yi daidai. Bai warware takardar ba, bai auna kauri ba. Tana ta zuba masa yabo, wai duk Riyadh babu hannu irin nasa, shi kuma yana sunkuyar da kai yana dariya. Tsakanin teburina da nasa bai fi kamu uku ba. Daga inda nake na hango bakin leda biyu ya yi dishi-dishi, ba garau irin na sauran ba. Bakin ledar banki inji ne ke liƙe shi, ba ya yin haka. Kalma ɗaya ce, "dakata". Almakashi na hannunsa. Na ci gaba da goge zoben da ke gabana.

Ya yanke ledojin, ya watsa a kwando, ya sa hannu: bakwai, zalla. Da ya raka ta ƙasa, na leƙa kwandon na ciro biyun nan. Na sansana, warin gam. Na duba lamba, biyun lamba ɗaya ce sak, alhali kowane sisin banki da lambarsa. Na sa su a aljihun rigata. Kada ku tambaye ni me na yi niyyar yi da su. Labarin aiki nake ba ku.

Kwana huɗu yana gina ƙawanya bakwai a kan awo ɗaya. Ranar Laraba ya fara sa sisin. Biyar suka zauna daram. Na shida ya ƙi. Na bakwai ya ƙi. Sun fi sauran kauri da abin da bai wuce silin gashi ba, domin ƙarfen da ba zinariya ba sai an ƙara masa jiki kafin ya kai nauyinta. Ya ɗauki ƙaramin magagari ya ɗan shafi gefen ɗaya, sai ga ja ya leƙo daga ƙarƙashi.

Ya ce, "Yaya, zo ka gani."

Na taso, na maƙala madubi, na duba kamar yau na fara sani. Na ce, "Inna lillahi."

Ranar Alhamis Hajiya ta zo da mijinta, Alhaji Bello, mutum mai sanyin magana wanda ranar babu sanyi a bakinsa. Ammu Salim ya shimfiɗa sisin a kan baƙin ƙyalle ya yi musu bayani. Alhaji ya ce, "Matata ta kawo bakwai daga banki. Ga sa hannun ma'aikacinka, bakwai, zalla. Yau biyu sun zama jan ƙarfe a ɗakinku. Wa ya canza?" Ammu Salim ya ce zai biya daga aljihunsa. Alhaji ya ce, "Ba maganar biya ba ce. In an yi mana, an yi wa wasu. Hukuma ce za ta duba." Ya ciro waya. Hajiya tana gefe, ta ja mayafi ta rufe baki.

Kun san abin da wannan ke nufi ga baƙo a ƙasar nan. Kurkuku tukuna, sannan tarhil, a sa ka a jirgi da rigar jikinka, da sunan ɓarawo wanda zai riga ka isa gida. Lawali ya dafa teburi ya zauna a hankali saboda bayansa. Ya ce, "Alhaji, wallahi ko ƙofa ban fita da su ba. Yaya yana wurin." Sannan ya juyo gare ni ya rage murya, ya ce, "Yaya, in an tafi da ni, kai za ka kira gida. Ka gaya wa maiɗakina gaskiya, amma Inna ka ce mata ciwon bayan ne ya tashi. Kayan aikina kuma ka riƙe, kai ka san darajarsu."

Alhaji ya fara danna waya. Na ce, "Alhaji, dakata."

Na ciro ledojin biyu na ajiye a kan ƙyallen. Na ce a sansana bakinsu, a duba lambarsu, sannan a warware takardar banki a ƙirga lambobin da ke ciki. Alhaji ya karɓi takardar daga jakar matarsa ya warware. Lamba biyar ce. Babu ta ledojin nan a ciki.

Ya ce, "Rabi?"

Sai ta fashe da kuka. Biyar ita da kanta ta saya a banki. Biyun kuwa wata mata ce ta kawo mata har gida, ta ce daga banki ɗaya suke, mijinta ne ya matsu zai sayar da rangwame. Ta saya ba ta gaya wa Alhaji ba, kuma da abin ya fashe kunya da tsoro suka ɗaure mata baki. Alhaji ya mayar da waya aljihu. Ya kama hannun Lawali da hannu biyu ya ce, "Malam, ka yafe mana don Allah." Ya juyo gare ni ya ce, "Kai kuwa Allah ya saka maka, ka ceci bawan Allah." Na ce amin.

Da suka sauka, Ammu Salim ya tura ƙofa. Bai zauna ba.

"Ya Haruna, mai kwashe kwando yana zuwa kowace yamma. Tun yaushe ledojin nan suke aljihunka?"

Na ce, "Tun Asabar."

"Kafin ya yanke ka gani, ko bayan ya yanke?"

Na ce, "Kafin."

Ya ɗaga yatsu yana lanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya: Asabar, Lahadi, Litinin, Talata, Laraba. Ya ce, "Shi ya karya dokata sau ɗaya, da hantsi. Kai ka kwana biyar kana karya abin da ya fi doka, safe da yamma, kuna cin abinci a faranti ɗaya. Kuskuren hannu na iya gyara shi, ya Haruna. Shi kaɗai na iya."

Lawali ya yi ta roƙo a madadina, har da cewa shi zai koma gida a bar ni. Ammu Salim ya ce magana ta ƙare. Bai wulaƙanta ni ba, bai gaya wa kowa a kasuwa ba. Ya mayar da igamata hannun wani abokinsa mai warshar azurfa, inda nake har yau ina zobban maza da gyaran tsofaffin riyaloli. Ranar da nake kwashe kayana Lawali ya biyo ni matakala, ya ce, "Yaya, me na yi maka?" Na ce, "Ba ka yi mini komai ba." Kuma gaskiya na faɗa masa.

Sarƙar Hajiya da biyar aka yi ta. An ce ta yi kyau. Ban je na gani ba.

Da ƙarfin Ammu Salim ya ƙare ya koma gida wurin 'ya'yansa, Lawali aka bar wa riƙon warshar. Yanzu teburi shida ne, an fasa bango an haɗa da ɗakin kusa. Sau biyu yana aiko mini in dawo, na ce azurfa ta ishe ni. Duk Sallah sai ya zo Al-Naseem gaishe ni da kwalin dabino, ya durƙusa da wannan bayan nasa, in akwai mutane ya ce musu, "Wannan ne malamina, shi ya koya mini riƙon magagari." Su kuma su ce Allah sarki, Lawali akwai tawali'u. Ko gaisuwar ma shi ke tashi da yabon.

Saboda haka in kun ga sisi a wuyan wata yana lilo, ku sani ba zare aka zura masa ba. Kuma in kuna da rabon saye, ku je da ƙafarku, ku karɓa da hannunku, ku ƙirga lambobin takarda kafin ku bar gaban ma'aikacin. Na rangwame da ake kawowa gida, ku bar wa mai shi.

Bara ne na fara sayen nawa. Shekara kusan talatin ina riƙe na mutane, ban taɓa mallakar ko ɗaya ba. Na shiga banki, na ciri lamba, na zauna cikin sanyin nan da kuke faɗa, aka kira ni aka miƙo mini ƙarami guda. Na kai wa maiɗakina Hadiza na ce ajiya ce. Ta ce ita ba ta auri maƙeri don ta ajiye zinariya a leda ba, sawa za ta yi. Na zauna zan yi mata ƙawanya, sai na tarar hannun da ya yi shekaru yana dukan azurfa ya yi nauyi, idon ma ba kamar da ba. Na gwada a kan kwabo sau uku. Na uku ma ƙarfen ya zame ya ja layi a fuskar kwabon.

Na kira maƙwabcina Malam Idi direba, na ba shi sisin da 'yar takarda mai awon faɗi da kauri, na ce ya kai warshar bene ya ce na wani fasinjansa ne. Na ja masa kunne kada ya ambaci sunana.

Bayan kwana huɗu ya dawo da ɗan akwati, da kuɗin aikin da na ba shi ba a taɓa ba. Ya ce, "Ni fa ban faɗa ba. Yana ganin takardar ya ce rubutun Yaya ne. Ya ce a gaishe ka, kuma a gaya maka ya duba leda, ya haɗa lamba, ya auna kauri."

Na shiga ɗaki na maƙala madubi. Kwana uku ina juya abin nan a bakin taga, da hasken safe da na yamma, ina neman inda ya liƙe, ina neman inda leɓen ya yi tudu ko ya yi kwari, ko ɗan ƙarcen da zan nuna wa Hadiza in ce kin gani. Ban samu ba.

Tana sa shi duk taron da za ta. In mata suka kama suna tambayar wa ya yi mata wannan, sai ta waiwayo ta dube ni. Ni kuma sai in ce, "Aikin wurinmu ne."